Hayar Tanderu Muke Biya

Wanda bai taɓa kwana cikin antire-kushe mai rufin kwano a wata na huɗu ba, ya miƙa wannan takarda ga na kusa da shi. Da ku nake, ku da kuka san fitar da tabarma tsakar gida ƙarfe goma na dare, a yayyafa mata ruwa, a kwanta jere kamar kilishin da aka shanya, ga ɗakin da ake biya wa haya can a buɗe, ba kowa ciki sai jaka da littattafai. Ni duk ƙarshen wata sai na kai wa mai gida kuɗinsa. Amma wata uku cur a shekara ba na kwana cikin ɗakin. Ashe ma'ajiyar kaya nake haya, kwana kuwa a waje nake yinsa, hannu ɗaya bisa salula don tsoron masu tsallako katanga.

Kuma lokacin ne fa ake son mu yi bita. Masu bepese, masu bak, mu na jami'a, duk jarrabawarmu bayan bazara take zuwa. Ka buɗe kaye ƙarfe uku na rana, zufa ta ɗiga bisa rubutu, bik ya zame a hannu, ka karanta layi ɗaya sau biyar bai shiga ba. Ka fito fada ka yi ƙorafi, wani ya miƙo maka shayi ya ce: “Sai haƙuri, ƙasarmu ce haka.”

Ban yarda ba. Rana dai ba mu da iko da ita. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai zafin inuwa yakan wuce digiri 40 a bazara, wani lokaci ya doshi 45, kuma kakanninmu ma sun sha ta. Amma ɗakin da ya fi waje zafi da dare, mutum ne ya zana shi, mutum ya sayi kayansa, mutum ya gina shi, wani kuma ya duba ya ce ya yi. Abin da hannu ya ɓata hannu ke gyara shi. Shi nake son in nuna muku, da lissafin da ɗan koleji ma zai iya bi.

Dutsen guga goma sha shida

In sama ta yi garau da tsakar rana, kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar zafin rana kusan wat 1000. Wannan shi ne ƙarfin dutsen guga na lantarki guda ɗaya. Ɗaki mai mita huɗu tsawo, mita huɗu faɗi, rufinsa murabba'in mita 16 ne. To ka ɗauka an jera dutsen guga goma sha shida an kunna bisa kanka. Ba duka ke shigowa ba: wani kaso rufin yana mayar da shi sama, wani iska ta kwashe. Duk ilimin gini a ƙasar zafi tambaya uku ce: nawa za ka mayar, nawa za ka tare, nawa za ka jinkirta?

Kwano ya faɗi a duka ukun. Sabo mai ƙyalli yana mayar da wani abu, amma da ya sha ƙura ya fara tsatsa, yawancin zafin shanye shi yake yi. Tarewa kuwa babu: kaurinsa bai kai rabin milimita ba, kuma ƙarfe ne. In aka gwada abu biyu masu kauri ɗaya, zafi yana ratsa ƙarfe kamar sau hamsin fiye da yadda yake ratsa busasshiyar laka. Saboda haka cikinsa da bayansa zafi ɗaya, kuma da rana yakan wuce digiri 60, har ya kai 70. Daga can yana turo maka huci kai tsaye, kamar yadda garwashi ke gasa maka fuska ko ba ka taɓa shi ba. Shi ya sa fanka ba ta fisshe ka a irin wanga ɗaki. Fanka ba ta sanyaya iska, zufar jikinka take busarwa. Hucin da ke saukowa daga kwano ba ta da abin da za ta yi mishi.

Sai bango. Bulon siminti na santimita 15, mai rami ciki, ba fenti, ba inuwa, yana kallon yamma. Tun daga azahar har almuru rana na dukansa. Bai da kaurin da zai riƙe zafin har tsakar dare, bai da sauƙin da zai huce da wuri. Daidai lokacin da kake son shiga ka kwanta, lokacin yake amayar maka da abin da ya sha. Ba sai ka yarda da ni ba: yau da isha'i ka sa tafin hannu a bangonka na yamma, sannan ka sa a na arewa. Hannunka zai ba ka darasin.

Masu hali kuma su ce sun tsere wa kwano, sun zuba dal. In dal ɗin yana shan rana tsirara, ba inuwa ba farin shafe, babu abin da ya kai shi mugunta da dare: wuni guda yana tara zafi cikin nauyinsa, dare guda yana sauke shi bisa mai barci.

Soron Iya

A ƙauyenmu kakata tana da soro, ginin tubali, bango ya fi kamu biyu kauri, rufin azara da ƙasa, ƙaramar taga ɗaya can sama. In ka shiga da azahar a bazara sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ƙeya. Ina yaro na ɗauka albarkar tsufa ce. Da na girma na gane lissafi ne.

Laka mai kauri ba ta hana zafi wucewa kwata-kwata, jinkirta shi take yi. Bango mai santimita 40 yana iya riƙe zafin rana kamar awa goma kafin ya iso ciki, kuma kafin ya iso ya rage ƙarfi. Zafin azahar sai tsakar dare yake kaiwa, lokacin da waje ya fara sanyi, an buɗe ƙofa, iska na kwashe shi. Sanyin asuba kuma bangon ya sha shi ya ajiye maka har rana ta take. Shi ya sa ƙa'idar ɗaki mai nauyi take: rufe da rana, buɗe da dare. Iya ba ta taɓa zama aji ba, amma da hantsi take sakin asabari, da isha'i ta ɗage.

Kada in yi muku ƙarya: a tsakiyar wata na biyar, in dare kansa ya ƙi sanyi, soro ma yakan yi ɗumi, kuma mutane su fita tsakar gida ko su hau bisa. Amma wanga kwana a waje yana cikin tsarin gidan tun asali, da katangarsa da rumfarsa. Kuma da rana, lokacin da tsoho da jariri da mai jinya suka fi shan wuya, soro yana ba su mafaka. Ɗakina na haya ba ya ba ni ita, dare ko rana.

Shekarar da yayana ya samu aiki a ƙasar waje, kuɗin farko da ya turo cewa ya yi a rushe soron a yi wa Iya na siminti. Na kira shi na ce: “Yaya, a gyara mata wanda take ciki mana, a ɗaga gindinsa, a sake yaɓe.” Ya ce: “Kai da ka yi lakwal, kai ne za ka ce a bar Iya cikin laka? Mi mutane za su ce?” Daga ƙarshe aka raba gardama: ba a rushe ba, aka gina sabo gefe, bulo da kwano, da ƙofar ƙarfe shuɗiya. Iya ta yi kwana uku ciki. Rana ta huɗu ta ɗauki tabarmarta ta koma, ta ce da ni: “Jikana, wanga ɗaki naku ku zuba mishi gyaɗa, ta fi saurin bushewa. Ni ba ni kwana cikin kasko.” Yau shekara uku ke nan gyaɗa ce ke cikinsa.

“Mi mutane za su ce?”

Nan ciwon yake. Yayana ba mugu ba ne, ƙaunar kakarsa ta sa shi. Amma an koya mana, mu duka, cewa laka talauci ce, siminti arziki. A bakinmu gida iri uku ne: banko, samidur, da an dur, kuma kowa ya san wanne ake kai wa gaisuwar neman aure. A takardun hukuma ma siminti da kwano ake kira kayan gini na dindindin, kamar sauran duk na wucin gadi ne. To, hasumiyar masallacin Agadas ta laka ce, tsayinta mita 27, tun 1844 da aka sake gina ta take tsaye, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Fadar Sarkin Damagaram na nan. Ku kuma nawa ne cikinku suka yi karatu a ajin siminti da ya tsage tun kafin ku gama firamare? Wanne ne na dindindin?

Abin haushi, ba mu ganin darajar namu sai wani ya tafa mishi daga waje. Masallacin Yama, a jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara shi a 1962 da laka da hannun mutanen gari. A 1986 ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine. Francis Kere na Burkina Faso ya gina makarantar firamare a ƙauyensu, Gando, a 2001: bangon tubalin ƙasa, rufin ciki na ƙasa, sannan kwano can sama an ɗage shi bisa ƙarafa, iska na wucewa tsakani. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, mafi girma a wannan fanni, shi ne ɗan Afirka na farko. Ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara ta yi gidajen da ake kira Niamey 2000 tare da abokan aikinta da tubalin ƙasa da aka matse da inji, sannan ita da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci a Dandaji a 2018, suka mayar da tsohon ɗakin karatu. Ku lura fa: Kere bai jefar da kwano ba. Wurin da ya dace ya sa shi, ya zama malafa, ya daina zama murfin tukunya.

Kuma mu ɗalibai mu fi kowa jin kunya. Babbar jami'ar Yamai sunan Abdu Mumuni take ɗauke da shi, haifaffen Tasawa, masanin kimiyyar da ya ba da rayuwarsa ga binciken ƙarfin rana, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa shekara da shekaru. Muna rubuta sunansa bisa takardunmu, amma in aka ce mu zana gida sai mu kwaso hoto a intanet, mai gilashi daga ƙasa har sama, irin na ƙasashen da ke roƙon rana ta leƙo. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ya zama zafi a ciki, ya rasa hanyar fita. Wanda ya taɓa buɗe motar da ta wuni a rana ya san abin da nake faɗi. Mu kuma sai mu gina ofis a kan tsarin waccan mota, mu ce zamani.

Masu cewa a sa kilim

Na san amsar ƴan birni: a sa kilim a huta. Mu yi lissafi. Fanka tana cin wat 60 zuwa 75. Ƙaramin kilim yana cin 1000 zuwa 1500, wato cin fanka goma sha biyar ko ashirin. Wa zai biya faktir? Kuma da wace wuta? Cikin ƴan Nijar huɗu, ba a samun ɗaya cikakke mai lantarki a gida. Kafin watan Agusta na 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa, kuma duk mun ga abin da ya faru da aka yanke layin. Gidan da ba ya zaunuwa sai da kuran, ranar da aka ɗauke wuta ya zama kurkuku. A wata na huɗu na 2024, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Irin wannan rana in ta zo mana, kuma wuta ta tafi, ina tsofaffinmu za su shiga?

Wanda ma ke da halin kilim, sau da yawa zuba ruwa yake cikin kwando. Ɗaki ba filafon, tagar nako mai ganyen gilashi da ba ta rufuwa, ƙasan ƙofa yatsa biyu na shiga, bangon yamma tsirara. Sanyin da ya saya da tsada yana zurarewa, zafi na kwararowa, injin ba ya hutawa. Sai ya sa shi a 16 yana zaton zai fi sauri, alhali abin da ya ƙaru kawai shi ne gudun kontar. Da ya fara da rufi da inuwa da toshe kafofi, ya sa a 25 ko 26 ya haɗa da fanka, da ƙaramin inji ya ishe shi.

Kuma kada mu manta da hunturu. Rufin da ya kasa tare zafi daga shigowa, shi ne dai ke kasa tare shi daga fita. A wata na goma sha biyu da na ɗaya, in dare ya yi garau, kwano yana zubar da ɗumin ɗaki zuwa sama, da asuba ka tashi kana rawar ɗari. Nan ne mutane ke shigo da kaskon gawayi, su rufe ƙofa da taga su kwanta. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci bai farka ba. Ga gobara kuma. Ɗakin da aka gina da hankali yana riƙe ɗumin rana har safe, ba sai an kwana da wuta ba.

Gaskiyar masu suka

Za a ce da ni: laka tana faɗuwa. Gaskiya ne, kuma ba zan yi wasa da wannan ba. A daminar 2020 da ta 2024 gidajen banko da yawa sun rushe, an yi asarar rayuka, Maraɗi ta ji a jikinta. A farkon watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin, ruwa ya kayar da shi. Duk wanda ya ce a koma laka ido rufe, bai ga uwar da ke tonon kayanta cikin ɓaraguzai ba.

Amma mu tambaya: ta ina ruwa ke cin bango? Ta ƙasa da ta sama. Wani tsohon magini a unguwarmu, da na kai mishi wannan tambaya, cewa ya yi: “Yaro, gini kamar mutum ne, in ka ba shi takalmi da malafa sai ya shiga ruwa ya fito. Mu da munka koya, ba mu aza tubali inda ruwa ke kwana.” Takalmi shi ne harsashin dutse ko siminti da aka ɗaga sama da inda ruwa ke kaiwa. Malafa ita ce rufi mai baki da ya zarce bango, da indararo mai jefa ruwa nesa. Sai yaɓe kafin damina, wanda magabata ke ƙarfafawa da makuba ta ɓawon ɗorawa. Gidajen da suka fi faɗuwa su ne na siririn bango, ba harsashi, a cikin kwari ko bakin gulbi inda talauci ya tura mutane, a unguwar da ba magudanar ruwa. Sannan kuskuren da ya zama ruwan dare: shafa siminti kai tsaye bisa laka. Ba sa kama juna, danshi ya maƙale a tsakani, ya ci bangon a ɓoye, wata rana shafen ya ɓallo gaba ɗaya.

Za a ce azara ta yi tsada, giginya ta yi ƙaranci. Wannan ma gaskiya ne. Amma tun wajen 1980 aka fara koyar da gini ba da itace ba a ƙasar nan, rufin baka da tulluwa na tubali zalla, kuma akwai maginan da suka iya. Ga tubalin da ake matsewa da inji, a sa mishi ɗan siminti kaɗan, ya yi ƙarfi ya jure ruwa. Ni ban ce a yi gaba da siminti ba. Cewa na yi a sa shi inda yake da amfani: harsashi, ɗaurin bango, magudana.

Za a ce yaɓe duk shekara wahala ne, matasa sun tafi bida, gayya ta mutu. Na ji. Amma faktir duk wata fa? Da rashin barci wata uku? Kowane gida yana karɓar harajinsa. Wani yana karɓa da kwana biyu na aiki a shekara, wani da lafiyarka.

Daga ina za a fara

In kana da ɗan abin kashewa, ko kana da bakin magana a gidan da za a gina, ga jerin, daga mafi muhimmanci.

Rufi tukuna. A nan, wajen ƙarshen wata na huɗu da tsakiyar wata na takwas, rana tana bi ta tsakar ka, inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka. Saboda haka rufi ne ke shan mafi yawan duka. A shafa mishi fari ta waje: farin shafe sabo yana mayar da fiye da rabin zafin, sai dai a riƙa wanke ƙura kafin bazara. A sa filafon, a bar tazara tsakaninsa da kwano, kuma a buɗe kafofi gefe da gefe, da raga saboda jemage da tsuntsaye, don iska mai zafi ta fita. Filafon da aka toshe ko'ina, wani ƙaramin tanderu ne aka rataye bisa kai. In da hali a shimfiɗa wani abu mai riƙe iska a bisansa. Sirrin duk abin da ke tare zafi iskar da ke tsaye cikinsa ce, domin zafi yana ratsa ta sau talatin ko fiye ƙasa da yadda yake ratsa laka. Shi ya sa rufin ciyawa ke da sanyi. Mai dal kuma ya yi mishi rumfa a sama ko ya shafe shi fari.

Na biyu, fuskar gida, kuma wannan ko dala ba ya ci in tun a zane aka yi shi. Dogayen bangaye su kalli arewa da kudu, inda ɗan bakin rufi ya isa ya yi musu inuwa saboda rana na sama. Gajeru su kalli gabas da yamma, inda rana ke shigowa a kwance. Kada a buɗe babbar taga yamma. A sa makewayi, ma'ajiya ko matakala a wancan gefen, ɗakin kwana ya ɓuya bayansu.

Na uku, inuwa, kuma ta waje. Labule a ciki yana tare haske bayan zafi ya riga ya shigo. Zana, rumfa ko murfin taga na waje suna tare shi tun a hanya. Dogon yaro guda a yammacin gida ya fi fanka uku, kuma ba a kawo mishi faktir.

Na huɗu, hanyar iska: ƙofa ko taga a ƙasa, ƙaramar kafa can sama a bangon da ke fuskantarta, domin iska mai zafi sama take hawa. Ɗakunan haya da ake jerawa baya da baya, kowanne da ƙofa ɗaya da taga ɗaya a bango guda, ba ta inda iska za ta ratsa su.

Na biyar, ruwa. Lita ɗaya in ta bushe tana tafiya da zafin da dutsen guga ke fitarwa cikin minti arba'in. Dabarar randa ke nan. A bazara, da iska ke bushe, jiƙaƙƙen buhu a taga ko na'urar sanyaya iska da ruwa suna aiki sosai da wuta kaɗan. Da damina ta kawo danshi kuwa, sai a ajiye su.

Mu ƴan haya ba mu da ikon rushe komai, amma zana biyu da aka kafa ɗan nesa da bangon yamma, nesa da murhu, ba su fi ƙarfin kuɗin shayin wata ɗaya ba. Kuma in mu bakwai na gida ɗaya muka je tare muka ce: “Alhaji, ga rabin kuɗin farin shafe, a cika a shafe rufi,” ya fi kowa ya yi ta tsaki shi kaɗai bisa tabarma.

Ajin ƙannenmu

Abin da ya sa na rubuta wannan yanzu, ban bari sai na gama karatu ba, shi ne makarantu. A wata na huɗu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai, yara ashirin suka rasu. A wata na goma sha ɗaya na shekarar, a nan Maraɗi, fiye da ashirin suka sake tafiya haka. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Kowa ya yarda a kawar da azuzuwan zana, ni ma na yarda, yau ba gobe ba. Amma dubban azuzuwan da za a gina a madadinsu za su yi shekara talatin ko arba'in ana zama cikinsu. In aka maimaita zanen nan guda, bulo siriri, kwano a ƙasa-ƙasa, ba filafon, ba itace a fili, to mun fitar da yara daga wuta mun sa su a tanderu, yara sittin ko fiye a ɗaki ɗaya, sannan mu zo muna mamakin sakamakon jarrabawa. Ɗage rufi, juya fuskar aji da dasa itace ba su kai kuɗin sake gini ba, kuma tun a takarda ake yanke su.

Saboda haka ina kira gare mu. Ku masu karatun gini da injiniyanci, kafin ku kare kundinku ku je ku wuni da tsohon magini, ku auna kaurin bangonsa, ku tambaye shi dalili. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai da suka iya fita saboda burs da abinci, su sa zafin aji da na ɗakin kwana cikin takardar buƙatu. In an zo aza harsashin aji a unguwarku ko ƙauyenku, ku je ku yi sallama ku tambaya cikin ladabi: ina yamma, ina filafon, ta ina iska za ta fita? Kuma ranar da Allah ya hore muku, kuka tashi yi wa iyaye gini, in wani ya ce “mi mutane za su ce”, ku tambaye shi ko mutanen ne za su kwana ciki.

Hutun bana in na je gida, ni da ƙannena za mu ɗaga gindin soron Iya mu sake mishi yaɓe kafin ruwan farko. Yaya ya ce zai turo kuɗin siminti na harsashi. Gyaɗa kuma ta ci gaba da zamanta inda take.